Harvey Hubbell

Harvey Hubbell II (an haife shi ranar 20 ga watan Disamba, 1857, ya mutu ranar 17 ga watan Disamba, 1927) ɗan ƙasar Amurka ne, mai ƙirƙirar kayan lantarki kuma mai masana'anta. An fi saninsa da abubuwa biyu: holdar ƙwan lantarki mai makunni a cikinta wadda ake kunnawa da jan sarƙa, da ya yi wa rajista a shekarar 1896, da kuma fulogin da ake cusawa a zare, wanda ya yi wa rajista a shekarar 1904. Daga wannan fulogin ne aka samo irin wanda ake amfani da shi a Amurka da Kanada da Meziko da Japan har yau. Shi ne ya kafa kamfanin da yanzu ake kira Hubbell Incorporated a birnin Bridgeport na jihar Connecticut a shekarar 1888.

Hubbell bai ƙirƙiro ƙwan lantarki ba, bai kuma gina tashar samar da wuta ba. Aikinsa ya tsaya ne a daidai inda hannun mutum ke haɗuwa da wutar, wato wurin kunnawa da kashewa da wurin jona kaya. A zamaninsa nan ne aka fi samun gobara da jan wuta, kuma nan ne ya sa mutane da yawa ke ɗari-ɗari da shigar da lantarki gidajensu. Ya samu takardun mallakar fasaha aƙalla 45 a rayuwarsa, mafi yawansu a kan kayan lantarki.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hubbell a Brooklyn, wadda a lokacin birni ce mai zaman kanta kafin a haɗe ta da New York a shekarar 1898. Danginsa tsofaffin mazauna Connecticut ne, kuma sunan mahaifinsa aka sa masa, shi ya sa ake ƙara masa lamba ta biyu a ƙarshen suna.

Ya yi karatun kasuwanci a kwalejin Eastman da ke garin Poughkeepsie, sannan ya yi karatu a Cooper Union da ke New York. Wannan makaranta ta biyu wani attajiri mai suna Peter Cooper ne ya kafa ta a shekarar 1859 domin ma'aikata da masu sana'ar hannu su samu ilimin zane da lissafi da kimiyya kyauta, yawanci da dare bayan tashi daga aiki. Bayan karatu Hubbell ya yi aiki a masana'antun ƙera injinan buga takardu, har ya kai matsayin manaja. Injin buga takarda abu ne mai ƙananan sassa da yawa waɗanda dole kowanne ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Wannan horon ya bayyana a duk abin da ya ƙera daga baya.

Kafa kamfani a Bridgeport

A shekarar 1888, yana da shekara kusan 31, ya ajiye aikin manaja ya kama wani ɗan ɗaki a saman bene a Bridgeport ya fara sana'ar kansa. Kayan da ya fara sayarwa ba su da alaƙa da lantarki. Wani mariƙin naɗin takarda ne mai wuƙa mai haƙora, wanda masu kanti ke ajiyewa a kan tebur su ja takardar ƙunshe kaya su yage ta daidai tsawon da suke so.

Bridgeport wuri ne da ya dace da irin wannan sana'a. Gari ne na masana'antu a bakin teku, mai layin dogo zuwa New York, inda ake ƙera kekunan ɗinki na Wheeler & Wilson da harsasai da kayan tagulla. Kusa da shi akwai kwarin kogin Naugatuck da garin Waterbury, cibiyar sarrafa tagulla ta Amurka a wancan lokaci. Saboda haka falalen tagulla da ƙwararrun maƙera duk suna kusa. A shekarar da Hubbell ya buɗe shagonsa, wani mutum mai suna Waldo C. Bryant shi ma ya kafa kamfanin kayan lantarki na Bryant Electric a wannan gari, kuma kamfanonin biyu sun daɗe suna gogayya a kasuwa.

Da yake ba shi da kuɗin sayen manyan injina, Hubbell ya riƙa ƙera nasa. Ya tsara injin da ke yanka zaren sukuru a cikin ramin ƙarfe da kansa, da injin da ke tsaga kan sukuru, da kuma ƙarafan bugu masu hawa-hawa waɗanda ke yanka falalen ƙarfe su huda shi su lanƙwasa shi a jere ba tare da an cire shi daga injin ba. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne injin murza zare. Maimakon a yanke ƙarfe a zubar domin a fitar da zaren sukuru, sai a matse sandar tsakanin ƙarafa biyu masu tsagi a murza ta, zaren ya fito. Wannan hanya ta fi sauri, ba ta ɓarnar ƙarfe, kuma zaren da ta fitar ya fi ƙarfi. Ba da jimawa ba sai ya fara sayar wa wasu masana'antu waɗannan injina tare da sauran kayansa.

Wannan ƙwarewa ce ta buɗe masa ƙofar shiga harkar lantarki, domin holdar ƙwai ba komai ba ce illa ƙananan sukurori da falalen tagulla da aka buga aka murza wa zare, aka ɗora su a kan tangaran.

Yadda ake kunna fitila kafin shekarar 1896

Thomas Edison ya nuna ƙwan lantarkinsa a shekarar 1879, kuma a 1882 ya buɗe tashar Pearl Street a New York, wadda ke ba unguwar da ke kewaye da ita wuta mai ƙarfin bolt 110. A Birtaniya kuma Joseph Swan ya fitar da nasa ƙwan a daidai wannan lokaci. Ƙwan Edison gindinsa mai zare ne, ana murza shi a cikin holda kamar murfin kwalba. Daga sunansa aka samo harafin E da ke cikin lambobin E26 da E27 da ake rubutawa a jikin kwalin ƙwai. A Birtaniya an fi karɓar gindi mai ƴan kunnuwa biyu da ake dannawa a ɗan juya, wanda yanzu ake kira B22, kuma shi ne ya bazu a ƙasashen da Birtaniya ta mulka, har da Najeriya.

A Amurka kanta ba a fara da tsari ɗaya ba. Kamfanonin Edison da Thomson-Houston da Westinghouse kowanne na da irin gindin ƙwansa, ta yadda ƙwan wannan ba ya shiga holdar wancan. Bayan haɗewar kamfanin Edison da na Thomson-Houston a shekarar 1892, wadda ta haifar da General Electric, sai gindin Edison ya riƙa rinjaye har ya zama shi ne na kowa a farkon ƙarni na 20.

Yawancin gidajen da aka fara sa wa lantarki tsofaffin gidaje ne da aka gina don fitilar gas ko ta kananzir. Jan waya a cikin bango zuwa bakin ƙofa domin a kafa makunni aiki ne mai tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce a sako waya ɗaya daga tsakiyar silin, a rataya holda a ƙarshenta, makunnin kuma ya kasance a jikin holdar. Makunnin da aka saba da shi wani ɗan mabuɗi ne da ke fitowa a gefen holda, ana murɗa shi da yatsu kamar yadda ake murɗa famfon fitilar gas. An yi shi a haka ne da gangan domin mutane su ga abin da suka saba da shi.

Wannan holda mai mabuɗi tana da matsaloli da dama. Na farko, sai mutum ya laluba a cikin duhu ya kamo ta, wani lokaci ma sai ya taka kujera. Na biyu, tunda a rataye take, dole ya riƙe ta da hannu ɗaya ya murɗa da ɗayan, kuma murfinta na tagulla ne. Idan waya ta saki a ciki ta taɓa murfin, duk wanda ya kama shi yana tsaye a jiƙaƙƙen ƙasa ko yana dafe da bututun ruwa, wuta za ta bi ta jikinsa. Na uku, murɗawar yau da kullum tana sassauta wayoyin da ke ɗaure a ciki. Na huɗu kuma shi ne tartsatsi. Duk lokacin da aka raba ƙarfe biyu da wuta ke bi ta cikinsu, wutar na ƙoƙarin tsallaka tazarar. Idan aka raba su a hankali, tartsatsin yakan daɗe yana cin ƙarfen yana zafafa holdar, musamman a irin wutar Edison mai tafiya ta fuska ɗaya. Wani injiniya ɗan Ingila, John Henry Holmes, ya riga ya nuna maganin wannan a shekarar 1884 da makunninsa mai katsewa farat ɗaya, wanda sifirin ke fizge ƙarafan komai jinkirin hannun mai kunnawa. Abin da ya rage shi ne a cusa irin wannan dabara a cikin ɗan ƙaramin wuri, a kan farashin da talaka zai iya biya.

Holda mai sarƙa

Ranar 11 ga watan Agusta, 1896, ofishin rajistar fasaha na Amurka ya ba Hubbell takarda mai lamba 565,541 a kan holdar ƙwan lantarki da ake kunnawa da ja. Dabarar ita ce a raba hannun mutum da holdar gaba ɗaya. Makunnin yana nan a cikin holda kamar da, amma maimakon mabuɗi sai aka sako igiya ko sarƙa zuwa ƙasa, inda ko yaro zai iya kamawa.

Holda irin wannan tana da sassa kamar haka. Akwai murfin waje na tagulla mai gida biyu, hula da gangar jiki. A cikinsa akwai rufin takarda mai kauri ko wani abin da wuta ba ta bi, wanda ke raba murfin da sassan da ke ɗauke da wuta. Sai ginshiƙin tangaran, wanda aka ɗaura komai a kansa. A ƙasa akwai kofin tagulla mai zare inda ake murza ƙwan, da wani ɗan harshen ƙarfe a tsakiya da ke taɓa tsinin gindin ƙwan. Waya ɗaya tana zuwa kofin kai tsaye, ɗayar kuma sai ta ratsa ta makunni kafin ta kai ga harshen.

Makunnin kansa wani ɗan faifai ne mai haƙora wanda ke juyawa ta gefe ɗaya kawai. Idan aka ja sarƙa, wani ɗan hannu zai kama haƙori ɗaya ya tura faifan gaba da taki ɗaya. Idan aka saki, sifirin zai mayar da hannun da sarƙar inda suke, amma faifan ya tsaya a sabon wurinsa. An jera jikin faifan ne ta yadda taki ɗaya ƙarfe ne mai haɗa wuta, taki na gaba kuma fanko ne. Shi ya sa ja ɗaya ke kunnawa, ja na biyu ya kashe, ba tare da mutum ya tuna ta wane gefe zai juya ba. Harsunan da ke gugar faifan suna hawa gangaren haƙori a hankali sannan su faɗo daga bakinsa farat ɗaya, kuma wannan faɗowar ce ke katse wuta da sauri ta hana tartsatsi daɗewa. Ƙarar ƙas da ake ji idan an ja sarƙa daga nan take fitowa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka ƙara wa tsarin inganci a tsawon shekaru. Bakin da sarƙar ke fitowa an yi shi kamar bakin kakaki domin a iya ja daga kowace kusurwa ba tare da ta maƙale ba. An fi amfani da sarƙa mai ƙwallaye ƙanana saboda tana lanƙwasa ta kowane gefe kuma ba ta ƙullewa. A wurare masu danshi akan sa wani ɗan gaɓa da wuta ba ta bi a tsakiyar sarƙar, ko a ɗaura igiyar zare a ƙarshenta. Buƙatar wannan sarƙa ta yi yawa har aka kafa kamfani na musamman domin ƙera ta a Bridgeport a shekarar 1914, wato Bead Chain Manufacturing Company, kuma iyalin Bryant ne suka kafa shi.

Lokacin da holdar ta fito ya taimaka mata. Kamfanonin inshora sun gaji da biyan diyyar gobarar da wayoyi ke haddasawa. A shekarar 1894 William Henry Merrill ya kafa ɗakin gwaje-gwaje a Chicago wanda ya zama Underwriters Laboratories, sannan a 1897 aka fitar da kundin ƙa'idojin aikin lantarki na ƙasa karo na farko. Daga nan kayan da suka ci jarrabawar gwaji suka fara korar na gargajiya daga kasuwa. Hubbell ya karkata kamfaninsa zuwa kayan lantarki, kuma a shekarar 1901 ya fitar da kundin kaya mai shafi 12 da ke ɗauke da kayan lantarki iri 63.

Fulogin da ake cusawa a zare

Holdar ƙwai ta wancan zamani ba fitila kawai take yi wa aiki ba. Tunda yawancin gidaje ba su da soket a bango, duk wanda ya sayi fanka ko dutsen guga na lantarki sai ya kwance ƙwai daga holda, ya murza wani toshe mai zare da ke ƙarshen wayar kayan a wurinsa. Murzawar tana nannaɗe wayar har ta karye a ciki. Idan kuma wani ya yi tuntuɓe da wayar, ba abin da zai saki, sai dai dutsen gugar ya faɗo ko holdar ta tsinko daga silin. Manyan kaya kuwa ɗaure wayoyinsu ake yi kai tsaye da sukuru a jikin bango.

Tarihin da kamfanin ke bayarwa ya ce Hubbell ya samu dabarar ce a wani gidan wasanni da ke New York, inda ake jefa kwabo a cikin na'ura ta yi wasa. Ya ga mai shara yana kwance wayoyin kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya domin ya ja ta ya share bayanta, sannan ya sake ɗaura su, yana fama da gane wace waya ce ta wane wuri. Hubbell ya ƙera samfuri ya kawo aka gwada a wurin.

Ranar 8 ga watan Nuwamba, 1904, ya samu takarda mai lamba 774,250 a kan fulogi mai rabuwa gida biyu. Gida na farko ana murza shi a cikin holdar ƙwai a bar shi a can. Gida na biyu yana ƙarshen wayar kaya, yana da ƙarafa biyu da ake cusawa a ramukan na farkon. Sassan da ke ɗauke da wuta suna can cikin rami inda yatsa ba ya kaiwa, kuma idan aka fizgi waya sai fulogin ya zare kawai. A cikin takardar neman rajistar ya bayyana cewa manufarsa ita ce a rage tsada, a kawar da tartsatsi wajen jonawa, ta yadda wanda bai san komai game da lantarki ba zai iya amfani da shi. Samfurin farko ƙarafansa zagayayyu ne, amma a wannan rana ya samu wata takardar ta biyu a kan masu faɗi da ke jere a layi ɗaya. A shekarar 1912 ya juya ƙarafan suka koma kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar juna, aka ba shi takarda mai lamba 1,064,833 a shekarar 1913. Wannan siffar ce ta zauna har yau.

Ba Hubbell ne mutum na farko a duniya da ya yi fulogi ba. A Birtaniya ana sayar da fulogi da soket tun shekarun 1880, kuma a Amurka ma wasu sun riga shi gwada irin nasu. Abin da ya bambanta shi shi ne ya yi tsari guda wanda fulogi ɗaya ke shiga holdar ƙwai da soket na bango da mahaɗin waya, kuma yana da injinan da za su buga su da yawa a kan farashi mai sauƙi.

A shekarar 1916 kamfanin ya samu rajistar fulogin da ƙarfensa ɗaya ya fi ɗayan faɗi, domin kada a cusa shi a juye. Wannan na da muhimmanci ga holdar ƙwai, saboda yana tabbatar da cewa wayar da ke ɗauke da wuta ta bi ta makunni zuwa harshen tsakiya, ba zuwa kofin zare da yatsa kan taɓa wajen canza ƙwai ba. A wannan shekarar kuma aka yi wa wani fulogi mai ƙarafa uku rajista da sunan George P. Knapp, aka mallaka wa kamfanin Hubbell. Ostireliya ta ɗauki wannan siffa a shekarun 1930 ta mayar da ita ma'aunin ƙasa, kuma ana amfani da dangoginta a New Zealand da Ajantina da Sin.

Bunƙasar kamfani da shari'a

A shekarar 1905 aka yi wa kamfanin rajista da sunan Harvey Hubbell, Incorporated. A 1909 ya fara gina masana'anta mai hawa huɗu a Bridgeport da kankare mai rodi, tsarin gini da bai yaɗu ba tukuna a yankin. Kasuwar na faɗaɗa da sauri. A shekarar 1907 kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na gidajen Amurka ke da lantarki. Zuwa 1920 sun kai kusan kashi 35, sannan zuwa 1930 sun kusa kashi 68. Kowane gida da aka ja wa wuta yana buƙatar holda da makunni da soket.

Wannan riba ta jawo masu gasa da yawa, kowanne da irin fuloginsa. Mai gida kan sayi fanka ya tarar ba ta shiga soket ɗin da ke bangonsa. Daga baya manyan kamfanoni suka amince su riƙa yin kayan da ke shiga juna, kuma girman da suka bi ya yi daidai da na Hubbell, tunda nasa ne ya fi yawa a gidaje. Kamfanin Hubbell ya kai ƙarar General Electric da wasu kotun tarayya a New York, yana neman a hana su kwaikwayon girman ƙarafa da ramukansa. A shekarar 1919 kotu ta ƙi amincewa da buƙatar. Hubbell ya rasa damar riƙe kasuwar shi kaɗai, amma hukuncin ya share hanyar da siffar fuloginsa ta zama ta kowa da kowa. Ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, NEMA, wadda aka kafa a 1926, ita ce ke kula da wannan ma'auni, inda fulogi mai ƙarafa biyu ke ɗauke da lambar 1-15.

Irin wannan sana'a ta ƙananan kayan jona wuta ta tayar da wasu kamfanoni a wasu ƙasashe. A Japan, Konosuke Matsushita ya fara a shekarar 1918 a birnin Osaka da fulogin da ake murzawa a holda da kuma holda mai baki biyu, kuma wannan shagon ne ya zama Panasonic.

Mutuwa

Hubbell ya ci gaba da shugabancin kamfaninsa har ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu ranar 17 ga watan Disamba, 1927, saura kwana uku ya cika shekara 70. Ɗansa Harvey Hubbell III, wanda ke da shekara 26 a lokacin, shi ya gaje shi. A zamanin ɗan ne kamfanin ya yi suna da fulogin masana'antu mai suna Twist-Lock, wanda ake cusawa a ɗan murɗa ya kulle, domin kada girgizar inji ta zare shi.

Tasirinsa

Kamfanin Hubbell Incorporated yana nan har yanzu, hedikwatarsa na garin Shelton a jihar Connecticut, kuma ana cinikin hannun jarinsa a kasuwar New York. A shekarar 1991 ya sayi tsohon abokin gasarsa, Bryant Electric, daga hannun Westinghouse.

Holda mai sarƙa ta rage yawa a ɗakunan zama tun da aka fara gina gidaje da makunni a bango. Duk da haka ana ci gaba da amfani da ita a ɗakunan ajiya da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gareji da fitilun tebur, inda jan waya zuwa bango bai cancanci kuɗinsa ba. Makunnin sarƙa da ke jikin wasu fankokin silin ma wannan dabarar yake bi, sai dai an ƙara wa faifan taki domin canza gudun fankar. Ƙwayayen zamani na LED da ba sa cin wuta sosai har yanzu da gindin zare ko mai kunnuwa ake yin yawancinsu, don haka suna shiga irin waɗannan holdoji.

Fulogin Hubbell mai ƙarafa biyu masu faɗi shi ake kira nau'in A a jerin fulogogin duniya. Wanda aka ƙara wa ƙarfe na uku domin wayar ƙasa shi ne nau'in B. Najeriya da Ghana tsarin Birtaniya mai ƙarafa uku masu kusurwa suke bi, Nijar da Kamaru da Chadi kuma sun fi amfani da na Turai mai zagayayyun ƙarafa. Amma cajojin waya da ƙananan kayan lantarki masu ƙarafa biyu masu faɗi da ake shigowa da su daga Amurka da Sin, waɗanda sai an nemo musu adafta kafin su zauna a soket, siffar da Hubbell ya tsara a shekarar 1912 suke ɗauke da ita.